Hannun gem ne ke jinkiri ko talabijin? Ga yadda ake aunawa

Assalamu alaikum jama'a. Duk wanda ya taɓa zama gidan gem ya san rigimar nan, ka danna shot ɗan wasa ya tsaya kamar mai tunani, kafin ya buga an ƙwace ƙwallo, sai ka ji ana wallahi hannun nan ne. To abin nan fa aunuwa yake, ba sai an yi ta musu ba.

Da milisakan ake lissafinsa, wato ka kasa sakan ɗaya gida 1000.

Ɗauko wayarka ka sa kyamara a silo moshin mai hoto 240 a sakan, ka jingina ta yadda za ta kamo babban yatsanka da allon talabijin lokaci guda. Danna. Sai ka bi bidiyon hoto bayan hoto, daga inda maɓallin ya nutse har inda ɗan wasa ya fara motsi. Kowane hoto milisakan 4 ne da 'yar ɗoriya, in ka ƙirga 24 ka samu 100 kenan. Masu son abin ya fito tsaf har ƙaramin ƙwan LED suke jonawa jikin maɓallin, ana dannawa ya kama, don yatsa yana ruɗin ido.

Amma don Allah ku kula, wannan 100 ɗin ba na hannun kaɗai ba ne, da na gem ɗin a ciki da na na'urar da ake buga gem ɗin da na talabijin. Rabon hannun kaɗan ne. Shi na'ura ce ke ta tambayarsa an danna wani abu? In sau 125 take tambaya a sakan, duk bayan milisakan 8 kenan, DualShock 4, wato hannun PS4, da aka jona da igiyar USB sau 250 ne, milisakan 4. Kuma kana iya dannawa daidai bayan tambaya ta wuce, dole a jira ta gaba, shi yasa gwaji ɗaya ba ya wadatarwa, ka yi kamar sau 20 ka fitar da matsakaici. Masu ware hannun shi kaɗai wata 'yar ƙaramar kwamfuta mai suna Arduino suke sawa ta yi ta dannawa sau ɗaruruwa.

Abu ɗaya za ka riƙa canzawa. Ka fara sauya hannu ka auna, sannan ka dawo da na farkon, ka shiga setin ɗin talabijin ka kunna Game Mode ka sake ƙirgawa. Sau da yawa a nan ne za ka ga hotunan sun ragu sosai.