Yadda ake auna toriyom a wurin aiki

Assalamu alaikum jama'a, yau daga ɗakin gwaje-gwaje nake muku magana a nan Jamus. Ku dubi wannan tsinken tangstan mai jan kai da masu walda ke amfani da shi. Kusan kashi 2 cikin 100 na jikinsa toriyom ne, wani ƙarfe mai fitar da radiyeshan, wato tururin nukiliya. Riƙe shi a hannu ba wani abin tashin hankali ba ne. Haɗarin yana wajen wasa bakinsa a injin, domin ƙurar da ke tashi ita ake shaƙa ta zauna a huhu.

Shi ya sa 'yar na'urar auna radiyeshan da ma'aikaci ke maƙalawa a ƙirji ba ta wadatar ba. Toriyom-232 wani nau'in radiyeshan da ake kira ƙwayoyin alfa yake fitarwa, waɗanda ko takarda tana tare su. Iskar da mutum ke shaƙa ake aunawa. Ga famfon zuƙar iskar, a ƙugu ake ɗaura shi, matatar da ke kama ƙurar kuma a wuyan riga dab da hanci, yana zuƙar kimanin lita 2 a minti har a tashi aiki. A gwada ƙarfin zuƙarsa kafin farawa da bayan gamawa, saboda in ƙura ta toshe matatar lissafi ya rushe.

Kada a yi gaggawar ƙirga radiyeshan ɗin da ke kan matatar. Akwai darma-212 a kanta, wata darma ce mai fitar da radiyeshan ita ma, wadda rabinta ke ƙarewa cikin awa 10.6. In aka ƙirga ranar, adadin zai kumbura. A ajiye ta kwana 4 zuwa 7 tukuna.

Inda ƙwararru ma ke zamewa shi ne awon hasken gama, wani nau'in radiyeshan daban da alfa. Ba toriyom ɗin kansa na'urar ke gani ba, abin da ya haifa yayin da yake rikiɗewa take gani, kamar aktiniyom-228. To wajen tace toriyom a masana'anta an riga an cire radiyom-228 da ke haifar da shi, kuma sai an yi shekaru gommai kafin ya cika ya dawo daidai. Sakamakon sai ya fito ƙasa da gaskiya. Maganinsa a narkar da samfurin, a zuba toriyom-229 da aka san adadinsa don a gane abin da ya salwanta a hanya, sannan a ƙirga alfa.

In fitsarin ma'aikaci za a auna kuwa, toriyom ɗan kaɗan yake fitarwa, kuma toriyom na manne wa jikin kwalba, don haka ake ɗiga asid na naitirik. Duk adadin da aka samu a ƙarshe da iyakar milisibat 20 a shekara ake gwada shi; milisibat shi ne ma'aunin radiyeshan ɗin da jiki ya sha.