Shuɗiyar takardar da ke manne a ƙofar kanti

Zainab: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa daga nan Landan. Ni ce Zainab, ga Hajiya Binta, ga kuma Malam Kabiru. Hajiya, ke kika kawo batun yau, kuma tun kafin mu kunna na'ura na ga Malam bai saki jiki da shi ba.

Malam Kabiru: Gaskiya ne, ban ɓoye ba. Da kika aiko min cewa za mu yi magana a kan lasisin sayar da giya, sai na ce mu da ba ma sha, ba ma sayarwa, ina ruwanmu?

Hajiya Binta: Abin da na daɗe ina faɗa ke nan, Malam, har ranar da abin ya iso ƙofar gidana. Bari in fara daga bikin titi, don ta nan na shiga. A shekarar 2022, lokacin da marigayiya Sarauniya Elizabeth ta cika shekara 70 a kan mulki, maƙwabtanmu suka ce za a rufe layinmu a yi walima. Wata dattijuwa Baturiya ta ƙwanƙwasa min ƙofa ta ce me zan iya kawowa. Na ce dafa-duka da zoɓo. Daga nan suka ja ni zaman ƙungiyar mazauna unguwa, a wani ɗakin taro na bayan coci, mu goma sha biyu ne ko sha uku. Na je da niyyar maganar tukwane da kujeru. Sai na tarar mutanen da ke neman izinin rufe titi daga ƙaramar hukuma su ne dai mutanen da ke bin diddigin duk wanda ya nemi lasisin giya a unguwar.

Zainab: Kuma ba a banza ba ne, Hajiya. Dokar da ke kula da sayar da giya a Ingila da Wels, wato dokar lasisi ta 2003 wadda ta fara aiki a Nuwamba 2005, ita ce dai ke kula da kiɗa da wasanni a bainar jama'a, har ma da sayar da abinci mai zafi daga ƙarfe 11 na dare zuwa 5 na asuba.

Malam Kabiru: Tsaya. Har da abinci?

Zainab: Har da shi, Malam. Mai tsiren da ke son ya kai ƙarfe 1 na dare yana gashi, ko bai taɓa riƙe kwalba ba, lasisin nan ne zai nema, a ofis ɗaya da mai mashaya.

Malam Kabiru: To ka ji. Wannan kam ya shafe mu, don ina da abokai masu gidan abinci.

Zainab: Kafin wannan doka alƙalan majistare ne ke ba da lasisi. Yanzu ikon yana hannun ƙananan hukumomi, wato kansilolin da mu ma muke zaɓa da ƙuri'unmu.

Hajiya Binta: Ni kuwa abin da ya buɗe min ido shi ne shuɗiyar takarda. Shekara da shekaru ina wuce irinta a jikin gilashin kantuna, ban taɓa tsayawa na karanta ba. Ashe duk wanda ya nemi lasisi, ko yake son ƙarin sa'o'i, dole ne ya manna ta inda mai wucewa zai gani har kwana 28. Cikin kwanakin nan kowa yana da damar rubuta ƙorafi. Idan sun wuce ba wanda ya ce uffan, hukuma ba ta da zaɓi, sai ta ba shi abin da ya nema.

Malam Kabiru: Ba za ta duba ta ga ko ya dace ba?

Zainab: Idan takardunsa sun cika, kuma ba ƙorafi daga jama'a ko 'yan sanda ko wata hukumar da abin ya shafa, doka cewa ta yi a ba shi. Amma da zarar ƙorafi mai ma'ana ya shigo, sai a kira zama a gaban kansiloli uku, a ji ta bakin kowa.

Hajiya Binta: Mu namu wani kanti ne a bakin layi, ba zan kama suna ba. Ya nemi ya riƙa sayarwa har ƙarfe 2 na dare. Tun ma yana rufewa ƙarfe 11 muna tsintar fasassun kwalabe a hanyar da yara ke bi zuwa makaranta, ga fitsari a jikin katangarmu. Sai na zauna na rubuta takarda mai zafi, na ce ni Musulma ce, addinina ya haramta giya, ba na son ta kusa da 'ya'yana. Na kai wa dattijuwar nan ta duba min. Ta karanta, ta dafa hannuna ta ce ta fahimce ni, amma kansiloli ba za su iya aiki da wannan takarda ba.

Malam Kabiru: To ka ga inda nake tsoro. Wato sai ka ajiye addininka a bakin ƙofa kafin a saurare ka.

Zainab: Malam, ba addini kaɗai aka ware ba. Dokar ta kafa manufofi huɗu, kuma duk ƙorafin da bai rataya a kan ɗaya daga cikinsu ba, ba a karɓarsa. Akwai hana aikata laifi da tashin hankali, da kare lafiyar jama'a daga haɗari, da hana damun jama'a, da kare yara daga cutarwa. Ko mai mashayar da ke gefe ya ce sabon kanti zai rage masa ciniki, ba a kula shi. Ko likita ya ce giya tana lalata hanta, a Ingila wannan kaɗai bai isa ba. A Sikotlan ne suka ƙara manufa ta biyar ta kiwon lafiyar al'umma.

Hajiya Binta: Kuma da na sake rubutawa, Malam, ban yi ƙarya ko ɗaya ba. Abin da ya sa nake ƙin ta a zuciyata yana nan daram. Na dai rubuta abin da idona ya gani ne. Na ɗauki littafi na yi mako uku ina rubuta rana da lokaci: daren Juma'a ƙarfe 12 saura, ihu da faɗa, safiyar Litinin, kwalabe bakwai a bakin hanya. Na ɗauki hotuna. Maƙwabcina da ke shan abinsa duk yamma shi ma ya rubuta, don shi ma yana son barci.

Malam Kabiru: Ya aka ƙare?

Hajiya Binta: Ba a hana shi lasisi ba, amma bai sami ƙarfe 2 ɗin ba. Aka bar shi a ƙarfe 11, aka ɗora masa sharuɗɗa: kyamarar tsaro, tambayar katin shaida ga duk wanda bai yi kama da ɗan shekara 25 ba, da daina sayar da gwangwanayen nan masu ƙarfi ɗaya-ɗaya, waɗanda masu kwana a bakin titi ke saye.

Malam Kabiru: Hajiya, kada ki ji haushina. Kin zauna an yi ciniki da ke a kan ƙarfe nawa za a sayar da giya. A Kano tun da aka ƙaddamar da shari'a a 2000, tambayar ita ce a sayar ko kada a sayar, muna ganin Hisba na farfasa kwalabe. Nan kuma kin sa hannu a kan cewa a sayar zuwa ƙarfe 11. Zuciyata ba ta kwanta ba.

Hajiya Binta: Ban ji haushi ba, na kwana da wannan tunanin ni ma. Amma ban sa hannu a sayar ba, Malam. Ana sayarwa tun kafin in tare a layin. Abin da ke gabana shi ne ko a ƙara sa'a uku ko kada a ƙara. Da na zauna a gida, da an ƙara. Kuma a layin nan akwai tsohuwa mai shekara 80 da tagarta ke kallon kantin, ba za ta iya zuwa zaman ba. Haƙƙin maƙwabtaka ai bai tsaya a kan kai mata abincin Sallah ba.

Malam Kabiru: Wannan maganar ta shige ni. Zan dai so in ji ta bakin malamai a kai.

Zainab: Ya kamata, kuma za mu nemi wanda zai zo mana. Amma in koma kan bikin titi, akwai wata ƙofa da mutane ba su sani ba. Walimar maƙwabta da ba a sayar da komai ba ta buƙatar lasisin giya, izinin rufe titi kawai ake nema. Da zarar an ce za a sayar da giya, sai wani ya ba da sanarwar taro na wucin gadi. Fam 21 ne kuɗinta, ana bayarwa aƙalla ranakun aiki 10 kafin taron, kuma mutane kada su kai 500 a lokaci guda. To wannan sanarwa, mazauna unguwa ba su da ikon ƙalubalantarta. 'Yan sanda ne kawai da jami'an kula da muhalli, duba-garinsu ke nan.

Hajiya Binta: Shi ya sa nake cewa a zaman shirya bikin ake yanke komai. Mu a namu, wani ya ce a kafa rumfar giya don a tara kuɗin biki na gaba. Na ce to, yara za su cika titin, ga mu gida huɗu Musulmi, ga wasu 'yan coci 'yan Ghana da su ma ba sa sha. Aka yi ta ja-in-ja cikin mutunci. Ƙarshe aka ce ba sayarwa, mai so ya sha nasa a ƙofar gidansa, kuɗin kuma aka tara ta hanyar sayar da kek da zoɓona. Da ba na ɗakin, wa zai faɗa?

Zainab: Akwai ƙungiyar da ta shahara da haɗa abubuwan nan biyu, Soho Society, ta mazauna unguwar Soho a tsakiyar Landan. An kafa ta a 1972 lokacin da ake shirin rushe sassan unguwar. Duk bazara suna shirya bikin unguwa a lambun cocin St Anne, har da tseren masu kai abinci, kowa da farantinsa a hannu. Kuma su ne dai ke bin takardun neman lasisi suna kai ƙorafi ƙaramar hukumar Westminster. Lokacin korona, a 2020, aka rufe titunan Soho aka jera tebura a waje don gidajen abinci da mashaya su farfaɗo. 'Yan kasuwa sun ji daɗi, mazauna da yawa kuwa suka koka da hayaniya da toshe hanya, aka dakatar da tsarin a ƙarshen Satumba 2021. Har yau akwai masu zargin ƙungiyar da kashe kasuwar dare.

Malam Kabiru: Kuma ba su rasa hujja ba. Akwai yaranmu ɗalibai da ke wankin kwanuka a wuraren nan, da shi suke biyan haya.

Hajiya Binta: Haka ne. Abin da ni nake tsoro ma ya fi wannan. Ƙungiyar unguwa tana iya zama ta masu kuɗin da suka tare jiya, su ce komai hayaniya ne. Ku dubi bikin titi na unguwar Notting Hill, a yammacin Landan.

Zainab: Ai tarihinsa ma darasi ne. A 1958 aka yi tarzoma a unguwar, wasu fararen fata suka far wa baƙaƙe 'yan Karebiyan. A Janairu 1959 Claudia Jones, 'yar jarida haifaffiyar Tirinidad, ta shirya bikin Karebiyan a cikin zauren St Pancras. A 1966 kuma Rhaune Laslett, wata mai hidimar jama'a a unguwar, ta fito da biki kan titi don yaran maƙwabta su san juna. Yau mutane fiye da miliyan ɗaya ke halarta a ƙarshen Agusta, Lahadi da Litinin.

Hajiya Binta: Bikin maƙwabta ne ya girma ya fi ƙarfin maƙwabtan. Na taɓa zuwa ranar Lahadi, ranar yara. Na ga gidaje da kantuna an rufe su da katako, na ga mutane suna karɓar kuɗi a shiga banɗakin gidansu. Wanda ya ce fitsari a ƙofarsa ya dame shi, gaskiyarsa. Amma masu cewa a kwashe bikin a kai shi wani fili a riƙa yankar tikiti, ban yarda da su ba. Mutanen da aka kora da duwatsu ne suka kafa shi a kan waɗannan tituna. Kuma tun bayan gobarar benen Grenfell a 2017, da ta ci rai 72 kusa da inda ake bikin, ana kashe kiɗa gaba ɗaya a yi shiru na daƙiƙa 72. Wanda ya ga wannan ya san bikin na unguwar ne. A ƙara banɗakuna, a tsaya kan lokacin kashe amsa-kuwwa, a kama masu sayar da giya ba lasisi, a bar musu titinsu.

Malam Kabiru: Zainab, tambaya ɗaya. Idan kwana 28 ɗin sun wuce, an riga an ba mutum lasisi, shi ke nan?

Zainab: A'a. Kowa na iya neman a sake duba lasisin idan wurin yana jawo matsala a kan manufofin nan huɗu. Kansiloli na iya ƙara sharaɗi, ko su dakatar da shi har wata uku, ko su soke shi. Wanda bai gamsu da hukuncin ba yana da kwana 21 ya ɗaukaka ƙara kotun majistare. Kuma tun 2012 aka cire sharaɗin sai kana zaune daf da wurin kafin ka yi ƙorafi.

Malam Kabiru: To ko da gidana yana nesa, in dai ina salla a masallacin da ke layin?

Zainab: Kana da dama, muddin ka nuna yadda abin zai shafi masu zuwa wurin, musamman yaran Islamiyya da ke tashi da yamma.

Malam Kabiru: Na tambaya ne don akwai wani shago da ake gyarawa kusa da masallacinmu, kuma kamar na hango takarda a jikin gilashin ranar Juma'a. Ban lura da launinta ba.

Hajiya Binta: Ka je yau, Malam, kada ka bari sai wata Juma'ar. Ka ɗauki hotonta, ranar rufe karɓar ƙorafi tana rubuce a jiki. Ka turo min, ni da Zainab za mu zauna da kai mu rubuta.

Malam Kabiru: In sha Allahu bayan La'asar zan biya.

Zainab: Masu sauraro, a nan za mu tsaya. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.