Amsoshin Tambayoyinku: Fasfo Mai Sauran Wata Huɗu

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da war haka daga nan birnin Dikko. Wasiƙun makon nan kusan duk a kan fasfo suke, don haka yau shi za mu sa a gaba.

Ta farko daga wata Hajiya ce a unguwar Rafindadi. Ta ce: "Na biya kuɗin Umara, tashinmu a watan Fabrairu. Fasfona sai Yuni zai ƙare, amma ejan ya ce ba zai yi ba sai na sabunta. Anya ba kuɗina yake son ƙara ci ba?"

To Hajiya, Allah ya karɓi ibada. Na san ejan-ejan sun sa mutane sun daina yarda da su, amma a wannan karon naki gaskiya ya faɗa miki. Saudiyya ba ta karɓar fasfon da sauran kwanansa bai kai wata shida ba daga ranar shiga ƙasar. Ki ƙirga da yatsa daga Fabrairu: Maris, Afrilu, Mayu, Yuni. Huɗu ke nan. Kafin ya yi miki aiki sai ya kai Agusta. Haka dokar take a Dubai da Masar, kuma China ma da wata shidan take duba mai neman biza. Ƙasashen Turai na yankin Shengen, irin su Faransa da Jamus, nasu lissafin daban ne: wata uku suke nema bayan ranar da mutum zai baro musu ƙasa.

Abin da ke ruɗin mutane shi ne a gida fasfon lafiyarsa ƙalau, banki ma zai karɓa. Amma wanda zai fara tare ki ba Balarabe ba ne a Jidda, ma'aikacin jirgi ne a Kano. An auna kaya, 'yan rakiya da suka biyo ki tun daga Katsina suna waje suna jiran a ce an wuce, sai ya buɗe shafin hoto, ya dubi kwamfuta, ya turo miki fasfon ta kan kanta. Roƙo ba ya aiki a wurin, domin idan ya bar ki kika hau aka ƙi karɓar ki a can, kamfaninsa ne zai dawo da ke, a kuma ci shi tara. Kamfanonin jirage suna da rumbun bayanai guda, Timatic, na ƙungiyarsu ta duniya IATA, shi ke gaya musu sharaɗin kowace ƙasa.

Saboda haka gobe-goben nan ki fara neman sabo. Ana cike takarda a shafin intanet na Hukumar Shige da Fice, a biya ta nan, sannan a je ofis a ɗauki hoto da zanen yatsu. Tun 1 ga Satumba 2025, mai shafi 32 na shekara biyar naira 100,000 ne, mai shafi 64 na shekara goma naira 200,000. Inda ake daɗewa shi ne lambar NIN. In suna ko ranar haihuwa a can bai zo daidai da na fasfo ba, sai an gyara kafin a buga, kuma mu nan mun san yadda ake yi: Hauwa'u a wannan takarda, Hauwa a waccan, Kulu a ta uku. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kada kuma ki bari a nema miki biza da tsohon, domin bizar Saudiyya da lambar fasfo take tafiya, sabon kuwa da sabuwar lamba zai zo.

Sai wani Alhaji ɗan kasuwa daga Daura. Ya ce nasa da sauran shekara biyu, amma tambari ya cinye shafukan, saura ɗaya. Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Shafi ɗaya ba zai kai ka ko'ina ba, ofisoshin jakadanci da yawa shafi biyu fari suke nema. Mai yawan tafiya irinka bai kamata ya tsaya kan mai shafi 32 ba. Tsohon kuma kada ka yar. In akwai bizar Amurka mai rai a ciki, Amurka ta yarda ka riƙe su biyun tare.

Ga wata mai ɗan nauyi daga wani malami a Ƙofar Ƙaura. Ɗansa na karatu a Alƙahira, fasfonsa ya mutu tun bara, ga hutu ya zo yana son dawowa. Malam, gwamnatin Nijeriya ta sha nanata cewa ɗan ƙasa zai iya shigowa gida da fasfon da ya ƙare. Wannan maganar ƙofar shigowa ce. Jirgin da zai yada zango a wata ƙasa yana iya ƙin ɗaukar sa, ga kuma batun izinin zamansa a Masar, wanda sabunta shi ke buƙatar fasfo mai rai. Shawarata ya je ofishin jakadancinmu da ke Alƙahira ya sabunta a can. In abin na gaggawa ne, suna ba da takardar tafiya ta wucin gadi, amma ita hanya ɗaya take yi, zuwa gida kawai. Da ita ba zai koma makaranta ba, sai ya yi sabon fasfo a nan, don haka ya lissafa kwanakin hutunsa tukuna kafin ya sayi tikiti.