Amsoshin Tambayoyinku: Wa Ya Ƙera Sojojin Dalmar Nan, Kuma Na Asali Ne?

Mai gabatarwa: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙun wannan mako sun taru ne a kan ƙananan sojojin nan na wasa da ake zubawa da dalma, waɗanda masu tara kayan tarihi a Turai da Amurka ke nema ruwa a jallo. Muna tare da malamin da ya san harkar tsofaffin kayan wasa. Malam, barka da zuwa.

Malam: Barka kadai, Hajiya.

Mai gabatarwa: Wasiƙar farko daga wani mai sayar da kayan gwanjo ce a Kano. Ya ce a cikin kayan da aka sauke masa daga kwantena ya tsinci wani dogon jan kwali, da sojoji takwas masu jajayen riguna da dogayen baƙaƙen huluna. An ce masa na Ingila ne. Ta yaya zai gane kamfanin da ya yi su?

Malam: Kafin ya nemi rubutu, ya ɗauki guda ɗaya ya auna shi a tafin hannu. Idan ya ji bai kai nauyin da ido ya yi zato ba, ya duba tsakiyar kai ko saman hula. In ya ga ɗan rami kamar na tsinin allura, to cikin sojan fanko ne. Wannan dabarar William Britain ƙarami ne ya fito da ita a Landan a 1893: a zuba narkakkiyar dalma cikin mazubi, wadda ta taɓa bango ta daskare nan take, sai a juya mazubin a tsiyaye ta tsakiya tun tana ruwa. Ta wannan ramin take fita. Da haka ya rage dalmar da kowane soja ke ci, ya karya farashin Jamusawa da suka riƙe kasuwar a lokacin.

Sai ya sa ruwla. Sojan ƙafa na Britains, wato kamfanin su William Britain ɗin, milimita 54 ne daga tafin ƙafa zuwa kai, ban da hula. Takwas ɗin da ya ambata ma alama ce mai kyau, don kwalinsu na yau da kullum sojojin ƙafa takwas yake ɗauka, ko mahaya doki biyar. Amma ramin kai kaɗai ba ya tabbatar da Britains, domin wasu kamfanonin Ingila sun kwaikwayi dabarar, irin su John Hill, wanda ake gani an rubuta Johillco, da Crescent da Charbens da Timpo. Nasu fentin ya fi kauri da gaggawa, girman kuma bai cika daidaita ba. Shi ya sa mataki na uku shi ne a kife sojan a karanta ƙasan gindinsa.

Mai gabatarwa: To a nan ne tambayarsa ta biyu ta shigo, Malam. Ya ce ya ga kwanan wata na 1901 a ƙarƙashin ɗaya. Ke nan a shekarar aka yi shi?

Malam: A'a, Hajiya, kuma nan ne mutane da yawa ke faɗawa. Sojojin farko, daga 1893 zuwa 1900, ba su da rubutu ko kaɗan. Da masu satar fasaha suka addabi kamfanin, daga 1900 ya fara manna 'yar takarda a gindi, daga baya ya riƙa zuba rubutun a jikin dalmar, da sunan mai kamfani da rana da wata da shekara. Wannan ranar ta siffar ce, wato ranar da aka kare haƙƙin mallakarta. Mazubi ɗaya kuwa yakan yi shekaru ana zubi da shi. Abin da kwanan watan ke faɗa kawai shi ne sojan bai girmi wannan rana ba.

Ya haɗa da wasu alamu. Gindi mai siffar ƙwai ya riga mai kusurwa huɗu, wanda ya fara shigowa wajen 1907. A wannan shekarar ce kuma kamfanin ya koma Britains Ltd, don haka duk inda ya ga wannan suna, bayan 1907 ne. An daina zubin fanko na dalma a 1966 saboda gubar dalma. Idan ya ga soja na roba a kan gindin ƙarfe an rubuta Deetail, daga 1971 ne zuwa gaba. Wanda aka rubuta Britains da China tare, na kamfanin ne da gaske, sai dai na zamanin nan ne, kada a saya da kuɗin tsoho.

Mai gabatarwa: Wata baiwar Allah daga Damagaram ta ce nata masu nauyi ne, babu rami, babu rubutu, kuma kan ɗaya ya zare da ɗan tsinke a wuyansa. Ta lalata shi ne?

Malam: Ba ta lalata ba, haka aka yi shi. Kai mai tsinke da ake cusawa a wuya aikin Jamus da Faransa ne. Idan tsayinsu bai kai milimita 50 ba, hannayen kamar an lanƙwasa su da yatsa, bindiga kuma an liƙa ta daban, zato ya fi ƙarfi a kan kamfanin Heyde na birnin Dresden. Shi a kwali yake sa alamarsa, sojojin galibi ba su da rubutu, kuma masana'antar ta ƙone a ruwan bama-baman 1945. Idan sun fi haka tsayi, fentin ya fi tsari, ta nemi haruffan CBG a kwali, wato Mignot na Paris. Haruffan L da C da ƙudan zuma a tsakaninsu kuwa alamar kamfanin Lucotte ce.

Akwai kuma waɗanda ba su da kamfani sam. An daɗe ana sayar da mazubai don mutum ya yi zubinsa a gida, kamar na Schneider na Leipzig. Irin waɗannan rabin faɗi ne, kamar an matse su, gefensu da kaushi, galibi ba fenti ko fenti kala ɗaya. Suna iya tsufa, amma ba su da wani farashi.

Mai gabatarwa: Tambayar da ta fi yawa a wasiƙun ita ce ta jabu. Yaya ake gane shi?

Malam: Jabun iri-iri ne, kuma wanda aka ƙirƙira gaba ɗaya shi ne mafi sauƙin kamawa. Ana ɗaukar soja na asali a yi masa mazubin roba a sake zubawa, kamar yadda masu zubin tukunyar alminiyum ke danna tsohuwar tukunya cikin yashi su fitar da sabuwa. Abin da ya fito yakan zo cike, don haka ya fi nauyi. Yakan ɗan fi na asali ƙanƙanta, saboda ƙarfe na tsukewa in ya huce. Rubutun gindi ya dushe kamar an shafe shi, maɓallan riga da fuska sun narke cikin juna. Ramin kai yana nan a matsayin ɗan loƙo, amma a toshe. Wani lokaci za a ga layin haɗin mazubi biyu a gefen jiki, na asali da aka kwafo da kuma sabo. Hannun Britains mai motsi a kan ɗan ƙusa yake juyawa a kafaɗa. In an same shi a daskare ko an manna da gam, a tsaya a ƙara dubawa.

Wanda ya fi cin mutane shi ne tsohon soja da sabon fenti. Fentin masana'anta siriri ne mai sheƙi, an shafa shi da hannu cikin sauri, ido ɗigo ɗaya ne kawai. Yana goguwa a wuraren da suka yi tsini, hanci, gwiwar hannu, bakin bindiga. A sa madubin ƙara girma a nemi inda tsohon fenti ya ɓantare: idan launi ya bi ta kan gurbin ya rufe shi, ana ganin ɗan tudu a gefensa, to an sake shafawa. A shiga ɗaki mai duhu da fitilar nan mai shuɗin haske ta duba takardar kuɗi, facin sabon fenti yakan fito daban da na kewaye da shi. A kuma shinshina, sabon fenti ba ya ɓoye warinsa. Abin da ba na so ko kaɗan shi ne a gwada da tina ko fetur a auduga. Tsohon fentin zai bi audugar, kuma shi ne darajar abin. Sojan da rabin fentinsa ya goge ya fi wanda aka sabunta tsada a wajen masu saye.

Sai haɗe-haɗe. A jera takwas ɗin a hasken rana. Koren gindinsu ya zama iri ɗaya, jan rigar iri ɗaya, fuskokin kamar hannu ɗaya ya zana. In biyu sun fita daban, daga wani kwalin aka ciko su. A girgiza kai a hankali. Da yawa an karye an dasa da tsinken ashana.

Kwalin ma a bincike shi. Lambar da ke jikin takardarsa ta dace da abin da ke ciki: a wajen Britains, lamba 1 mahayan Life Guards ne, wato dogaran sarautar Ingila, 147 Zulu ne. Takardun da ke da sa hannun mai zane Fred Whisstock a kusurwa na gabanin yaƙin duniya na biyu ne galibi, masu rubutun "Regiments of All Nations" kuwa na bayan yaƙin ne. In an sami soja mai gindin ƙwai a kwalin bayan yaƙi, a ƙara bincike kafin a yarda tare suka fito. Takardar da aka kwafa da firinta fara ce fat, kuma ƙarƙashin madubi ana ganin ɗigo-ɗigon tawada.

Mai gabatarwa: Wani daga Omdurman yana tambaya ko an taɓa yin sojojin Sudan.

Malam: An yi. Britains lamba 116 sojojin ƙafa ne na Sudan, lamba 48 kuma rundunar raƙuma ta Masar.

Mai gabatarwa: Ta ƙarshe daga Kumasi take. Mai wasiƙar ya ce wasu sojojinsa sun tsattsage ana ganin waya a ciki, wasu kuma suna fitar da farin gari. Yana son ya ba yaransa.

Malam: Masu wayar ba dalma ba ne. Garin katako ne da gam da farar ƙasa aka matse a kan waya, aikin Elastolin ko Lineol na Jamus, tsayi kamar santimita 7. Elastolin gindinsa ƙwai ne, Lineol kusurwa huɗu, sunan na ƙasa. Danshi ne ya sa wayar ta yi tsatsa ta kumbura ta fasa jikin, don haka kada ruwa ya taɓa su, buroshi mai laushi ya isa.

Masu farin garin kuwa dalmar ce ke ruɓewa, kuma garin guba ne. Kada ya ba yara, ko masu lafiyar ma. Mun ga abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu ta dalilin niƙa duwatsun zinare, kuma yaro komai baki yake kai shi. Ya ware masu garin daban, ya wanke hannu da sabulu bayan ya taɓa su. Danshi da tururin tsami daga wasu katakai da sabon gam ne ke jawo ruɓewar, don haka ya fitar da su daga akwatin katako mai rufi, ya shimfiɗa su ɗaya-ɗaya ba sa gogar juna, a wuri busasshe mai iska. Da damina ya ajiye 'yan ƙunshin nan masu tsotse danshi na cikin kwalin sabon takalmi a kusa da su, ya riƙa sauyawa.

Mai gabatarwa: Mun gode, Malam. Masu son a duba musu nasu, su turo hoton gaba da baya da ƙasan gindi, da ruwla a gefe, da takardar kwalin. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.