Ciwon Suga Nau'i na Ɗaya: Cutar da Ba Ta Yarda a Tsallake Allura

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyaye maza da mata, malaman makaranta da ma'aikatan lafiya da ke wannan zaure, ina yi muku barka da zuwa.

Idan aka ambaci ciwon suga a ƙasar Hausa, abin da ke zuwa a zuciyar mutane shi ne dattijo mai ƙiba wanda likita ya hana shi shan zaƙi ya kuma ba shi ƙwayoyi. Wancan nau'i na biyu ne. Wanda ya tara mu a yau daban yake, kuma haɗa su wuri ɗaya ya jawo asarar rayukan yara masu yawa. A nau'i na ɗaya, garkuwar jiki, wadda aikinta shi ne yaƙar ƙwayoyin cuta, ita ce take juyowa kan wasu ƙwayoyin halitta da ke cikin fankiriyas, wata gaɓa da ke kwance a bayan tumbi, ta lalata su har jiki ya daina samar da sinadarin insulin. Idan babu insulin, sugan da ke fitowa daga tuwo da shinkafa da burodi ba zai shiga tsoka ya zama ƙarfi ba, sai ya taru a jini alhali jikin yana fama da yunwa. Ya fi kama yara da matasa, ko da yake yana iya samun babba. Ina so kowace uwa ta ji wannan da kyau: ba alewa ce ta jawo shi ba, ba sakacinki ba ne, ba sammu ba ne, kuma ba a ɗaukarsa daga wani.

Alamominsa sukan bayyana cikin 'yan makonni. Yaro zai riƙa shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, yana yawan fitsari, wanda ya daina fitsarin kwance ya koma yi, yana ci amma yana ramewa, wani lokaci a ga kiyashi na taruwa inda ya yi fitsari. Idan ba a gane ba, jiki zai koma ƙona kitse, guba mai tsami ta taru a jini, sai amai da ciwon ciki da numfashi mai zurfi da sauri, daga nan sai suma. A nan ne nake roƙon 'yan'uwana ma'aikatan lafiya: waɗannan alamomi sun yi kama da zazzaɓin cizon sauro mai tsanani ko taifot, don haka duk yaron da aka kawo muku a galabaice, ku ɗiga jinin yatsarsa a na'urar gwajin suga kafin ku ɗaura masa ƙarin ruwa mai suga. Gwajin bai kai minti ɗaya ba.

Kafin shekarar 1921 wannan cuta hukuncin kisa ce. A shekarar ne Frederick Banting da Charles Best suka tato insulin a Jami'ar Toronto da ke Kanada, kuma a watan Janairun 1922 aka yi wa wani yaro ɗan shekara 14, Leonard Thompson, allurar farko, ya farfaɗo ya rayu shekaru 13 bayan haka. Har yau insulin ne kaɗai abin da ke riƙe da ran mai wannan cuta. Zogale da shuwaka da garahuni ba sa maye gurbinsa, haka ma ƙwayoyin da kaka take sha don nata ciwon sugan. Addu'a muna yi, amma tare da allura. Ko ranar da yaro yake zazzaɓi ya ƙi cin abinci, ba a dakatar da insulin. A ƙara yawan gwaji, a ba shi ruwa, a tuntuɓi likita kan adadin da za a yi masa.

Akwai haɗari ta ɗaya ɓangaren, wato faɗuwar suga ƙasa da 70 (a ma'aunin mg/dL) a na'urar gwaji, wanda kan faru idan aka yi allura ba a ci abinci ba, ko bayan wasan ƙwallo. Yaron zai yi rawar jiki da gumi da jiri, ya rikice, har a zaci iska ce ko farfaɗiya. Idan yana iya haɗiya, a ba shi cokali ɗaya babba na sukari a ruwa ko rabin kofin lemo mai zaƙi, a sake gwadawa bayan minti 15. Idan ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, a garzaya da shi asibiti. Malaman boko da na islamiyya, ku bar irin wannan ɗalibi ya ci abu a aji idan ya buƙata, kuma kada ku hana shi fita bayan gida.

Na san tambayar da ke zuciyar da yawa daga cikinku ita ce zafi da rashin wutar lantarki. Insulin da ba a buɗe ba yana son sanyin firji, tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma idan ya daskare ya lalace. Kwalbar da aka fara amfani da ita tana kaiwa kimanin mako huɗu matuƙar ba ta sha zafi ba. Inda babu firji, a sa ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da ɗanyen tsumma a inuwa, irin dabarar da Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa don adana kayan lambu har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. A sa kwalbar cikin leda don kada ruwa ya goge rubutunta.

Sai batun azumi, wanda yake damun matasanmu ƙwarai domin ba sa son a gan su suna ci. Aya ta 185 ta Suratul Baƙara ta yi wa marar lafiya rangwame, kuma likitoci suna lissafa mai nau'i na ɗaya cikin waɗanda azumi ke da haɗari sosai a gare su. Wanda ya dage sai ya yi, ya ga likitansa tun a watan Rajab ko farkon Sha'aban don a daidaita masa allura, ya riƙa gwaji da rana, ya kuma karya azumin nan take idan suga ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300, ko da saura minti biyar a sha ruwa.