Jawabin Maraba ga Farfesa Daga Mata Masu Sarrafa Zoɓorodo da Kuka a Garwa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Ranka ya daɗe Farfesa, iyayenmu malamai, manyan baƙi, assalamu alaikum.

Barka da zuwa Garwa, barka da shan rana. Sunanka ya riga ka isowa, ba sai mun tsaya kirari ba. Buƙatarmu ɗaya ce, gara mu faɗe ta tun shayi bai huce ba: na'urar busar da ganye mai aiki da hasken rana.

Kakanninmu fatake ne, da goro da tufafi suka sauka bakin Binuwai tun jiragen ruwa na zuwa da damina. Garin da ya haifi Ahmadu Ahidjo, shugaban ƙasar Kamaru na farko, a 1924 ba ƙauye ba ne. Zoɓorodon nan, wanda maƙwabtanmu Fulani ke kira folere, hannunmu ke tsince shi.

Wata ɗiyarmu mai karatu a Ngaundere ce ta warware mana aikinka. Ta ce fararen ƙwayoyin jini in sun cafke ƙwayar cuta, sukan watsa mata wata guba ta oksijin su kashe ta. To amma in gubar ta yi yawa sai ta ƙona naman jiki, ta tada furotin NF-kB, shi kuma ya sa ƙwayoyin su yi ta aika saƙon kumburi irin su TNF da IL-6, kumburi ya ƙi lafawa. Antioksidan, kamar bitamin C na 'ya'yan kuka da antosiyanin mai ba zoɓo ja, su ke kwashe rarar gubar. Ba mu ce zoɓo magani ne ba; ita ma ta ja mana kunne, ta ce binciken Finlan na 1994 ya nuna ƙwayoyin magani na bita-karotin, wanda shi ma antioksidan ne, sun ƙara wa mashaya taba kansar huhu.

Ga inda gizo ke saƙar. A tabarma muke shanya, ga ƙura, ga awaki, ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40. Zogale kan koɗe, zafi kuma ya cinye bitamin ɗin da kake bincike a kai. Wasu baƙi sun taɓa zuwa, suka ɗauki hoto, suka cika leda da samfuri, shiru kake ji.

Fili muna da shi, mai gadi ma mun samu. Ranka ya daɗe, na'urar nan dai, ko guda ɗaya ce, kafin tsintar zoɓo ta bana. Allah ya mai da kai gida lafiya.