Darasi: Abin da ke cikin gindin kwan fitila mai jin umarnin waya

Masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Yau ga ni riƙe da kwan fitila. Da za ku gan shi, ba za ku bambanta shi da wanda ke rataye a ɗakinku ba, sai dai gindinsa ya ɗan fi nauyi. To wannan nauyin shi ne darasinmu. A ciki akwai 'yar kwamfuta da ba ta wuce farcen babban yatsa ba, haɗe da eriyar Wi-Fi. Ita ce ke ba ni damar kunna shi daga waya ko da na yi tafiya.

Wannan shi ake kira intanet ɗin abubuwa, wato jona kayan amfanin yau da kullum da intanet, su aika labari, su karɓi umarni. Wani ɗan Birtaniya, Kevin Ashton, shi ya raɗa sunan a 1999 yana aiki da kamfanin Procter & Gamble. Amma dabarar ta girmi sunan. Tun 1982 ɗalibai a jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka suka jona injin sayar da Coca-Cola da kwamfutocinsu, don su san ko akwai kwalba a ciki, kuma ko ta yi sanyi, kafin su taso.

Yanzu ku biyo ni a hankali. Na danna "kunna" a wayata. Kun ji ƙarar makunni? Babu. Amma fitila ta kama. A yawancin irin waɗannan kaya, saƙon ba kai tsaye yake zuwa wurin kwan ba, duk da cewa taku biyu ne tsakaninsa da wayar. Fita yake yi daga gidan, ya je babbar kwamfutar kamfanin da ya ƙera shi, wadda wataƙila tana wata nahiya, sannan ya dawo ta na'urar Wi-Fi ya shiga gindin kwan. Duk wannan kafin ƙiftawa da bismilla. Ku riƙe wannan hanya a ranku, domin ita ke bayyana dalilin da wasu kayan ke kurmancewa idan intanet ta ɗauke, ko idan kamfanin ya rufe kwamfutarsa.

Ba duka ne ke amfani da Wi-Fi ba, don yana shan batir. Agogon hannu ya fi dogaro da Bluetooth. Na'urar da ake binnewa a gona tana auna damshin ƙasa kan yi amfani da LoRa, mai kai ɗan gajeren saƙo nisan kilomitoci da dama, batir ɗaya ya yi shekaru. Ni a ganina nan ne fasahar ta fi amfani: mitar ruwa mai tona asirin bututun da ke yoyo, firjin ajiye rigakafi mai ƙararrawa idan ya fara ɗumi.

Sai dai akwai abin da ke hana ni barci. Duk abin da aka jona, an buɗe masa ƙofa ke nan. Ranar 21 ga Oktoba 2016, wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta tattara ɗimbin kyamarorin tsaro da na'urorin Wi-Fi na gidajen mutane, ta sa su yi ruwan saƙonni a kan kamfanin Dyn, mai nuna wa wayoyi da kwamfutoci hanyar zuwa shafukan intanet da dama, har Twitter da Netflix suka gagari jama'a da yawa a Amurka da Turai. Ta yaya ta shiga? Ba wani ɓalle kwaɗo ta yi ba. Kalmomin sirri kusan 60 da kayan ke fitowa da su daga masana'anta ta riƙa gwadawa, irin su "admin" da "12345". Masu kyamarorin suna ta harkokinsu, ba su san da kayansu ake yaƙi ba. Shi ya sa a Afrilun 2024 dokar Birtaniya ta fara aiki, ta hana sayar da irin waɗannan kaya da kalmar sirri mai sauƙin hasashe.

To ga aikin da nake roƙon ku yi yau. Ku ɗauko na'urar Wi-Fi ɗinku ku kifa ta. Za ku ga 'yar takarda manne a ƙasa, ɗauke da suna da kalmar sirri. Idan har yanzu da ita ake shiga saitin na'urar, ku canza ta da doguwa wadda ba ku amfani da ita a ko'ina. Haka za ku yi wa kyamara. Sannan ku buɗe manhajar kowane kaya ku duba ko akwai sabuntawa, ku bar shi ya sauke, domin da ita ake toshe ɓarakar da aka gano. Idan na'urar Wi-Fi ɗinku tana da layin baƙi, wato layi na biyu da ake ware wa baƙi, ku tura su fitila da talabijin can, wayar da kuke harkar banki da ita ta zauna a nata layin.

A darasi na gaba zan buɗe gindin kwan nan da sukurdireba, mu bi sassansa ɗaya bayan ɗaya. Mu kwana nan.